Gida, Bashi da Gado: Tarihin Takarda a Zangunan Gana



Abubuwa uku ne suka fi kai mutumin Zango gaban hukuma tun zamanin kakanni: filin da ya gina gida a kai, bashin da ya ci ko ya bayar, da dukiyar da ya bari bayan ransa. A Kano ko Katsina ta da, alƙali ɗaya ne ke duba waɗannan al'amura duka, da littafi ɗaya, a ƙarƙashin sarki ɗaya. A nan Gana kuwa ba haka abin ya zo mana ba. Ƙasar da muka sauka tana da masu ita da al'adarsu. Shari'ar da muka zo da ita tana hannun malamanmu. Dokar da kotu ke aiki da ita kuma Turawa ne suka dasa ta, gwamnatocin da suka biyo baya suka yi ta yi mata gyara. Tarihin dukiyar Zango tarihi ne na zama a tsakanin waɗannan hukunce-hukunce, kuma gidaje da yawa sun salwanta ne a tsagar da ke tsakaninsu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zamanin fatake

Kafin a san Zangon Kumasi ko Nima, Salaga ce babbar masaukar Bahaushe a wannan yanki. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su yi watanni a hanyar Gwanja, su koma da goron ƙasar Tonawa. Kowane ayari yana da madugu, yana kuma da malaminsa, wanda ban da addu'a da limanci shi ne mai alƙalami. Idan aka isa gari, baƙo kan sauka gidan maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi. A wancan zamani arzikin Bahaushe a Gwanja kaya ne da dabbobi da bashin da ke hannun mutane. Fili bai dame shi ba, domin baƙo raɓa ne, yana sa ran komawa gida.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa rubuta yarjejeniya baƙon abu ne da Bature ya koya mana. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, daga baya ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, tun yana saurayi wajen 1877 ya wallafa littafi kan ilimin rubuta wasiƙa, domin amfanin masu hulɗa da nesa. Malaman zango sun karanta Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, kuma a cikinsu akwai babin ciniki da jingina da lamuni da kyauta da wasiyya da rabon gado. Ilimin yana nan a hannunmu tun farko. Abin da babu shi ne kujerar alƙali mai ikon tilasta hukunci, domin sarautar ƙasa ta wasu ce.

Yadda ake yi da wanda ya karye

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma fataucin goro da na shanu bisa bashi suka tsayu. A kasuwar shanu ta Kumasi, mai shanu daga arewa kan sayar wa mahauci bashi alhali bai san shi ba, saboda maigidansa ya tsaya a tsakani. Idan mahauci ya kasa biya, wuyan maigida aka kama. Saboda haka jarin maigida na gaskiya shi ne sunansa, kuma ran da aka ji ya kasa cika alkawari, baƙinsa sai su koma gidan wani.

Fiƙihun Malikiyya ya tsara wa karayar arziki babi na musamman, wanda ake kira taflisi. Idan bashi ya fi ƙarfin dukiyar mutum, masu binsa suna iya kai ƙara, alƙali ya hana shi taɓa abin da ya mallaka. Daga nan bashin da lokacinsa bai yi ba ma ya zama na biya nan take. Sai a sayar da kayansa, a raba wa masu bi gwargwadon abin da kowa ke binsa, a bar masa tufafin sawa da abincin da zai ci da iyalinsa na ɗan lokaci. Wanda ya sayar masa da kaya bashi, ya kuma tarar da kayan nan nasa ba su sauya ba, yana da ikon ɗaukar abinsa. Amma idan mutuwa ce ta riski mai bashin, wannan dama ta faɗi, mai kayan ya shiga layi ɗaya da sauran masu bi. Wanda kuma aka tabbatar ba shi da komai, hukuncinsa a saurara masa har ya samu.

A zango, inda babu alƙali mai dogarai, wannan tsari a zauren sarki ko na liman ake gudanar da shi ta hanyar sulhu, kuma kunya ce ke tilasta shi. Gwamnatin Gana ta yi dokar karayar arziki ta mutum ɗaya a 1962, ta sabunta ta a 2006, sa'an nan a 2020 ta yi wata daban domin kamfanoni. Duk da haka da wuya ka ji ɗan Zango ya bi ta wannan ƙofa. Abin da aka fi gani shi ne mutum ya ɓoye karayarsa har ya mutu, ranar sadakar uku masu bin bashi su bayyana, babu rubutu babu shaida, magada su rasa wanda za su gaskata.

Daga masauki zuwa mazauni

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Tonawa a kan Salaga ya yanke, hanyar goro ta karkata zuwa Kintampo da wasu garuruwa. A 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin gidajen sarautar Kpembe, Salaga ta watse, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, wasu suka gangara kudu. A 1896 Turawa suka kama Sarki Prempeh na ɗaya, bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 kuma suka haɗiye ƙasar Asante gaba ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, goro kuma yana bin teku zuwa Ikko. Daga nan ne falke ya zama mazauni, ya yi aure, ya haihu, ya fara tunanin gini.

A birnin Accra, wanda kakanninmu ke kira Ankara, Malam Bako ɗan Malam Nenu ya sami fili daga sarakunan Ankarawa ya kafa Sabon Zango wajen 1910, yana yanka wa mabiyansa wurin gini. A 1931 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami filin Nima daga gidan Odoi Kwao na Osu, mutane suka yi ta zuwa suna neman wuri a hannunsa. A nan ne tushen rikicin da muke fama da shi har yau ya samo asali. A al'adar masu ƙasa, fili na kakanni ne da waɗanda ke raye da waɗanda ba a haifa ba, sarki ko shugaban dangi riƙo kawai yake yi. Abin da baƙo ya miƙa lokacin da aka nuna masa wuri, a wurinsu gaisuwa ce ta neman izinin zama. Shi kuwa baƙon, musamman 'ya'yansa da jikokinsa, sun ɗauka an saya an biya. Shugaban zango ya ba wani, wanin ya ba wani, duk da baki, gaban dattawan da yanzu babu ko ɗaya a raye. Kayan aro ba ya rufe katara, balle aron da aka manta cewa aro ne.

A Kumasi, Turawa sun riƙe filayen tsakiyar gari da kansu, su ne ke ba da wurin gini a zango. A 1919 Malam Sallau, mutumin Katsina, ya zama Sarkin Zango, a 1927 kuma aka yarda masa da kotun kansa. Wannan ne lokacin da mutanen zango suka fi kusa da samun alƙalanci irin na gida. Bai daɗe ba. Rigima ta tashi tsakaninsa da shugabannin wasu ƙabilun zango, aka sauke shi a 1932, kotun ta tafi tare da shi. A 1935 aka maido da sarautar Asante a ƙarƙashin Prempeh na biyu, a 1943 aka mayar masa da filayen Kumasi, bayan 'yancin kai kuma gwamnati ta sake karɓar ragamar kula da filayen tsakiyar birnin. Mai gida a zango yana zaune a ɗakinsa, wanda yake biya wa kuɗin ƙasa ya sauya sau da yawa a kansa.

Dokar 1907 da tarkon mako guda

A 1907 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar auren Musulmi. A zahiri alheri ce, domin ta ce idan Musulmi ya mutu, za a raba gadonsa bisa shari'ar Musulunci. Amma ta ɗaura wannan da sharaɗi: sai idan an yi wa aurensa rajista. Rajistar kuwa dole a yi ta cikin mako guda da ɗaurin aure, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da ke da lasisin gwamnati su je ofishin hukuma su sa hannu. Mutanen da suka saba ɗaura aure a zaure da goro da fatiha ba su ga dalilin wannan tafiya ba. Kaɗan ƙwarai ne suka yi.

Sakamakon ya fito fili a kotu. A shari'ar Kwakye da Tuba ta 1961, Mai Shari'a Ollennu ya yanke cewa zama Musulmi kaɗai bai isa a raba gadon mutum bisa Musulunci ba. Idan babu rajistar aure, al'adar ƙabilarsa za a bi. Ga Musulmin da ya fito daga dangin da ake gado ta wajen uwa, kamar Tonawa da Fantawa, ma'anar wannan ita ce ɗan 'yar'uwarsa na iya gaje gidan, matarsa da 'ya'yansa su tashi a tutar babu. 'Yan matan zango da yawa sun yi aure a irin waɗannan gidaje, saboda haka hukuncin ya taɓa jikokinmu kai tsaye. A cikin zango kuwa aka ci gaba da kiran malami ya raba gado kamar yadda aka saba, rabon kuma yana tsayawa muddin babu wanda ya kai ƙara.

Shekarar kora

Tun a 1957, shekarar 'yancin kai, aka ga alamar abin da ke tafe. Gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Zangon Kumasi, zuwa Najeriya. Da suka kai ƙara suna cewa su haifaffun ƙasar ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu, shari'ar ta mutu a nan. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. A 1970 wata doka ta keɓe ƙananan sana'o'in saye da sayarwa ga 'yan ƙasa kaɗai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da mako biyu ba shi da bakin ciniki, saboda haka gidaje da rumfuna suka tafi a farashin wulaƙanci. Wasu suka bar gida amana a hannun maƙwabci ko aboki ko ɗan haya, da baki, bisa cewa za su dawo. Waɗanda ake bi bashi suka tafi da bashi, waɗanda ke bi suka tafi suka bar nasu. Wasu masu amana sun riƙe amana har suka miƙa ta ga 'ya'yan mai ita, Allah ya saka musu da alheri. Wasu kuwa mutuwa ta ɗauke su, 'ya'yansu suka tashi suna ganin gidan ubansu ne. Dokar ƙayyade lokacin ƙara ta 1972 ta ce wanda ya bar wani ya mamaye masa fili shekara 12 bai nemi haƙƙinsa ba, ƙofar kotu ta rufe masa. Da aka kori 'yan Gana daga Najeriya a 1983, wasu daga cikin zuriyar waɗanda suka tafi sun dawo suna tambayar gidajen iyayensu, amma kotu takarda take tambaya, ba labari ba.

Dokar gado ta 1985

A 1985 gwamnatin Rawlings ta kafa dokar gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wadda aka fi sani da Doka ta 111. Manufarta kare zawarawa da marayu daga dangin miji, kuma ta yi amfani ƙwarai a wannan fuska. Gyaran da aka yi mata a 1991 ya mai da korar matar mamaci ko ɗansa daga gidan aure kafin rabo laifi ne da ake hukuntawa. Sai dai dokar ta hau kan kowa, ko wane irin aure ya yi, ko wane addini yake bi, ta kuma soke sashen nan na dokar 1907 da ya ba da damar rabo bisa Musulunci. Tun daga ranar, Musulmin da ya mutu ba wasiyya, a idon kotu Doka ta 111 ce ke raba abin da ya tara da guminsa.

Ga yadda take rabo. Kayan ɗaki na mata da 'ya'ya ne. Idan gida ɗaya mamaci ya bari, shi ma nasu ne su kaɗai. Abin da ya rage ana kasa shi 16: uku na mata, tara na 'ya'ya, biyu na iyayen mamaci, biyu kuma a raba bisa al'ada. 'Ya'ya daidai suke, mace da namiji, kuma dokar ba ta bambanta wanda aka haifa cikin aure da wanda aka haifa a waje.

A fiƙihu kuwa ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba saura kamar yadda ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka tsara. Bari mu buga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu da mata biyu, abin rabo kuma sidi 144,000. A lissafin malamai, mata tana da tumuni, wato 18,000. Uwa tana da sudusi, 24,000. Saura 102,000 na 'ya'ya ne, kowane namiji 34,000, kowace mace 17,000. A lissafin Doka ta 111, mata tana da 27,000, kowane ɗa ko 'ya 20,250, uwa 18,000, sauran 18,000 kuma su bi al'ada. Idan akwai gida ɗaya, malami zai sa shi cikin abin rabo, uwa ta sami sudusinta a ciki, alhali a dokar gwamnati ba ta da ko bulo ɗaya.

Mai karatu ya lura da abin da wannan ke nufi. A kowane gida akwai wanda rabon malami ya fi yi masa daɗi, akwai kuma wanda rabon kotu ya fi yi masa. Muddin zumunci na da ƙarfi, kowa ya karɓi abin da liman ya yanka masa. Ran da aka ɓata, mutum ɗaya ya isa ya ɗauki lauya, rabon da aka yi shekaru da suka wuce ya koma ɗanye.

Ƙofar da doka ta bari a buɗe

Doka ta 111 tana aiki ne kawai inda babu wasiyya. Dokar wasiyya ta 1971 ta ba duk wanda ya kai shekara 18 ikon rubuta yadda yake so a yi da dukiyarsa. Sharuɗɗanta ba su da wuya. A rubuta, mai wasiyya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Kada a sa wanda zai ci gado cikin shaidun, domin hakan na iya ɓata rabonsa. Idan mai wasiyya makaho ne ko ba ya karanta harshen da aka yi rubutun da shi, dole wani ya karanta masa, ya fassara masa, ya kuma rubuta a jikin takardar cewa ya yi hakan kuma mai ita ya fahimta. Ana iya kai wasiyyar Babbar Kotu a ajiye ta a rufe har ranar da za a buƙace ta.

Wasu dattawa kan ƙi wannan, suna cewa babu wasiyya ga magaji, kuma wasiyya ba ta wuce sulusi. Maganarsu gaskiya ce a babinta. Amma wanda ya rubuta cewa a biya masa bashi, a fitar da sulusi ko ƙasa da haka ga wanda ya ambata, saura kuma a raba wa magadansa bisa ƙa'idar Malikiyya, bai ƙara wa wani magaji komai ba. Umarni ya bari a bi abin da aka riga aka wajabta, cikin harshen da kotu ke ji. Tun da ba a sanin magada sai ranar mutuwa, ya kyautu a ambaci wanda zai yi lissafin, ko wani malami ko ofishin liman. A kuma sani cewa dokar ta ba kotu ikon duba kukan uba ko uwa ko mata ko ɗan da bai kai 18 ba, idan wasiyya ta bar su cikin ƙunci, kuma Tsarin Mulki na 1992 ya hana a bar matar mamaci ko mijin mamaciya hannu wofi. Don haka a haɗa malami da lauya a zama ɗaya, kowa ya duba ɓangarensa.

Wanda yake so ya ba 'yarsa ko matarsa wani abu na musamman, hanyarsa kyauta ce tun yana da lafiya. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Idan gida ne ko fili, a bi da takardar sauya suna.

Bayan rasuwa ma akwai matakai. Idan akwai wasiyya, kotu ce ke tabbatar da ita. Idan babu, sai an nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda mutane ke kira L.A., kuma banki ba ya sakin kuɗi sai da ɗayansu. Taɓa dukiyar mamaci kafin wannan izini laifi ne. Gida kuma ba ya zama na magaji a idon doka sai masu kula da dukiyar sun rubuta masa takardar miƙawa an yi mata rajista. Gidajen zango da yawa har yau suna ɗauke da sunan kakan da ya rasu shekara hamsin da suka wuce, magada sun kai arba'in, wasu suna Kano, wasu Jidda, wasu Amurka, babu mai ikon sayarwa, babu mai son gyarawa. Inda dangi suka zaɓi sulhu a zauren sarki ko liman, dokar sasanci ta 2010 ta amince da hukuncin da aka yanke bisa al'ada idan ɓangarorin sun yarda tun farko, kuma ana iya rubuta shi a kai kotu a yi masa rajista. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa hukumar ba da taimakon shari'a ta gwamnati, wadda aka sabunta dokarta a 2018.

Filin da ke ƙarƙashin gidan

Tsarin Mulki na 1992 ya hana a ba kowa mallaka ta har abada a ƙasar kujera, wato filayen da ke hannun sarakunan gargajiya. Abin da ake samu haya ce ta shekaru, wadda ga ɗan ƙasa galibi 99 ce idan wurin zama ne. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ba ya wuce shekara 50 a zubi ɗaya. Wannan ya sa takardar shaidar zama ɗan ƙasa ta zama wani ɓangare na takardun gida, abin da mutanen 1969 suka koya da hawaye. An fara rajistar mallakar fili a ƙarƙashin dokar 1986, aka haɗe ofisoshin filaye wuri ɗaya a Hukumar Filaye a 2008, sa'an nan dokar filaye ta 2020 ta tattara tsofaffin dokoki. Ita ce ta tanadi ɗauri mai tsawo ga 'yan daban da ake haya su tsare fili, ta kuma hana miji ko mata sayar da filin da aka saya cikin zaman aure ba tare da rubutaccen izinin ɗayan ba.

Nima da Mamobi da Sabon Zango, waɗanda a da bayan gari ne, yau suna tsakiyar birni, haka Aboabo da tsohon Zango a Kumasi. Ƙasar da kaka ya samu da gaisuwar goro yanzu masu kuɗi na zagayenta. Takardar da sarki ya bayar ta nuna wuri mafari ce kawai. Bayanta akwai taswirar fili daga ma'aunin da ke da lasisi, da takardar yarjejeniya da ake kira indenca, da bincike a Hukumar Filaye don a tabbatar ba a riga an rubuta wurin da sunan wani ba, sa'an nan rajista. Magajin da ke son sayar da kasonsa kuma ya tuna da haƙƙin shuf'a, wanda ya ba abokan tarayyarsa a gidan da ba a raba ba fifikon saye kafin bare. Da an riƙe wannan babi ɗaya, da gidajen gado da yawa ba su fita daga hannun dangi ba.

Kakanninmu sun iso wannan ƙasa da alƙalami da tawada a cikin gafaka, sun san hukuncin bashi da na gado tun kafin a gina kotun farko a Kumasi. Abin da ya ci gidajensu shi ne dogaro da shaidar baki a ƙasar da hukuncinta ke hannun wasu, da kuma jin nauyin ambaton mutuwa a gaban iyali. Rubuta wasiyya ba ya matso da ajali. Duk maigidan da ke karanta wannan, ya buɗe akwatinsa a wannan mako ya ga sunan wa ke kan takardar gidan da yake kwana a ciki, ya rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa, ya sa shaidu biyu. Matasa kuma su karanta wa iyayen da ba sa shiga intanet, cikin ladabi, su bar musu shawara.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya rufa mana asiri, ya sa abin da za mu bari ya zama sanadin haɗin kan zuriya. Wassalam.